Shebur: Abokin Tafiyar Da Ba A Tuna Shi Sai Mota Ta Kafe

Saura ƙiris rashin shebur ya jawo wa ƙanwata asarar shekara guda ta karatu. Duk wanda na faɗa wa haka sai ya yi dariya, har sai ya ji yadda abin ya faru.

Mu mutanen wani ƙauye ne a ƙasar Gwandu, ni kuma ɗalibi ne a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda mazauninta yake a Kalgo, kan hanyar Bunza. A bazarar da ta wuce ƙanwata ta zauna jarrabawar JAMB. An tura ta wata cibiya a Birnin Kebbi, takardarta kuma ta nuna lallai ta kasance a wurin kafin ƙarfe tara na safe. Kawunmu ya ce shi zai kai ta a 'yar motarsa, ni kuma na zo gida takanas don in yi mata rakiya. Muna idar da sallar asuba muka kama hanya. Kafin mu hau kwalta akwai wata busasshiyar ƙorama da ake ratsawa, wadda idan rani ya yi nisa take cika da rairayi mai laushi kamar gari. Muna kaiwa tsakiyarta mota ta yi nishi ta tsaya. Kawu ya taka mata wuta, tayoyin gaba suka riƙa juyawa suna watso yashi, kafin ka ce kwabo cikin motar ya zauna daram a ƙasa.

A lokacin ko gezau ban yi ba, domin ina ji da wani shebur mai naɗewa da na saya ta intanet. Baƙi ne mai sheƙi, ga jakarsa mai launin kakin soja. A jikinsa akwai zarto, da usur, da 'yar na'urar nuna alƙibla, har da abin buɗe kwalba. Na zaro shi ina taƙama, na ɗaure, na kama haƙa. Ban kai ɗiba goma ba sai na ji ƙas! Wuyan da ya haɗa bakin da ƙotar ya ɓalle, aka bar ni riƙe da sanda. Muka koma tonon yashi da hannu da murfin kwano. Ƙanwata tana tsaye gefe rungume da takardunta, ba ta ce uffan ba, sai hawaye. Na san abin da ke ranta: geron da aka sayar aka biya mata kuɗin fom, da karatun dare na watanni, ga shi idan ta rasa wannan zama wataƙila sai baɗi.

Muna cikin haka sai ga wani dattijo da amalanken jaki zai kai taki gona. Ya tsaya ya yi mana sannu, ya dubi Kawu ya ce, "Malam, ku bar taka mata wuta, ƙara binne ta kukai." Ya ɗauki karyayyen shebur ɗina ya jujjuya shi, ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, wanga ai abin wasan yara na." Sannan ya zaro nasa daga cikin taki, wani tsohon shebur mai tsinin baki, ƙotarsa gajera, ta sha hannu har ta yi sulɓi. Ya nuna mini inda zan haƙa, muka riƙa karɓa-karɓa. Ya sa Kawu ya rage iskar taya, muka shimfiɗa karan dawa, cikin minti ashirin mota ta fita. Kawu ya miƙa masa kuɗi, ya girgiza kai ya ce, "A'a, ku dai kai yarinya, Allah shi ba da sa'a." Muna hawa kwalta muka tsaya wurin mai faci aka mayar da iska. Mun isa cibiyar ana gab da rufe ƙofa.

Tun daga ranar na shiga tambayar direbobin tasha da maƙera da manoma, da abokaina 'yan agaji masu fita zango. Abin da na tattaro shi ne nake son in miƙa muku, ƙannena ɗalibai, domin da yawanku kuna raka iyaye tafiya, wasunku 'yan sikawut ne, wasu kuma nan ba da jimawa ba za su fara riƙe sitiyari. Taƙaitaccen darasin dai shi ne, ƙasar da shebur zai haƙa da aikin da zai yi su ne suke zaɓar maka shi, ba kyan hotonsa ba.

Fara da sanin ƙasarka

Tsakanin Gwandu da Kalgo ba wata doguwar tafiya ba ce, amma matafiyi yana iya cin karo da ƙasa iri uku. Ta farko ita ce rairayin tudu da na ƙoramu, irin wanda ya riƙe mu. Yashi ba baƙo ba ne a wannan yanki. Masana ilimin ƙasa da duwatsu ma sun raɗa wa wani kaurin yashi da yumɓu da ke shimfiɗe a ƙarƙashin wannan ɓangare na kwarin Sakkwato sunan Gwandu, kuma daga cikinsa ne rijiyoyin burtsatse da yawa suke samun ruwa. Rairayi ba ya wuyar haƙa, matsalarsa yawa: kana kwashewa yana zubowa. Saboda haka yana son shebur mai ɗan zurfin ciki wanda zai ɗebi da yawa a lokaci guda.

Ta biyu ita ce lakar fadama, wadda mutanen Kalgo da sauran garuruwan bakin gulbi suka fi kowa sani, inda ake noman shinkafar da Jihar Kebbi ta yi suna a kanta. Da damina, musamman a watan Agusta, laka tana da nauyi kuma tana manne wa ƙarfe. Idan ka luma shebur a ciki ka ɗaga, ji za ka yi kamar ana riƙe shi daga ƙasa. A nan ne wuyan shebur marar ƙwari yake karyewa. Da rani kuwa wannan laka takan bushe ta tsattsage, ta yi tauri kamar tubali.

Ta uku ita ce ƙasa mai marmara da tsakuwa, da kuma fako. Wannan tana lanƙwasa bakin siririn ƙarfe tun a saran farko, wani lokacin ma sai an haɗa da diga.

To, shebur ɗin da zai zauna a bayan motar gida dole ya iya da duka ukun gwargwadon hali, domin ba ka san inda tsautsayi zai same ka ba.

Ɗan lissafi kaɗan

Masu cewa darasin lissafi ba shi da amfani a rayuwa, ku matso. A ce taya ta nutse, kana son ka buɗe mata hanya mai tsawon mita 1, faɗin santimita 30, zurfin santimita 20. Idan ka ninka 1 da 0.3 da 0.2 za ka samu 0.06 na abin da ake kira kubik mita a aji. Busasshen yashi kubik mita ɗaya yana kai kimanin kilo 1,600. Ke nan ramin taya ɗaya kaɗai kusan kilo 96 ne. Tayoyi biyu sun tasam ma kilo 200, kusan buhu huɗu na shinkafa mai kilo 50. Ba a ma yi maganar yashin da ke ƙarƙashin cikin motar ba, da wanda zai riƙa zubowa.

Idan shebur ɗinka kilo ɗaya yake ɗiba, sai ka sunkuya kusan sau 200. Idan mai ɗibar kilo uku ne, ba za ka kai sau 70 ba. Wannan bambanci shi ne tsakanin isa jarrabawa da rasa ta. Ka tuna kuma da darasin fiziks a kan sandar ɗaga nauyi: duk lokacin da ka danna ƙota don ɓamɓaro ƙasa, ƙarfin yana taruwa ne a wuya, inda itace ya haɗu da ƙarfe. Shi ya sa shebur ɗina ya mutu daidai nan.

Daga ina gajeren shebur ya samo asali?

Sojoji ne suka fara matsa wa ƙaramin shebur lamba. A shekarar 1870 wani hafsan sojan ƙasar Denmak mai suna Mads Linnemann ya yi rajistar wani gajeren shebur da soja zai rataya a ɗamararsa, ya haƙa wa kansa maɓoya idan wuta ta yi zafi. Ƙasashe da yawa suka kwaikwaya. Na sojojin Rasha tsawonsa santimita 50 ne cif, har sukan yi awo da shi. Jamus ta fito da mai naɗewa a 1938, Amurka ta bi sahu da nata a 1943, daga baya aka yi mai naɗewa gida uku wanda zai shige 'yar jaka.

Abin lura a nan shi ne, an ƙera waɗannan ne don mutumin da ke tafiya a ƙasa ɗauke da kaya, wanda kowane kilo yake damunsa, kuma yakan yi haƙa ne a durƙushe ko a kwance. Mai mota ba shi da wannan matsala, yana da wurin ajiya. Kuma yawancin masu naɗewar da suka cika kasuwa yanzu kwaikwayon siffar na soja kawai aka yi, ba a kwaikwayi ƙarfen ba. Hausawa sun ce araha ba ta ado, ni kuwa na tarar wani lokacin adon ne ma ake sayar maka da tsada.

Abubuwa shida da za ka duba kafin ka biya

Na farko, siffar baki. Shebur mai faffaɗan baki, irin na magina, an yi shi ne don kwasar yashi da siminti daga kan daɓe, ba ya shiga ƙasa mai tauri. Mai tsinin baki shi ne yake huda ƙasa, ya yanke saiwa, kuma ya kwashi yashi. Don mota da zango, mai tsini za ka nema.

Na biyu, ƙarfen. Ka ɗora bakin a ƙasa ka taka shi, ka ɗan danna ƙotar. Nagari zai ɗan ba da kai ya dawo yadda yake, na banza zai lanƙwashe ya zauna a haka. Ka ƙwanƙwasa shi da makulli ka saurara: ƙarfe mai kyau yana amo mai tsawo, mai tsaga ko marar kauri kuwa sai ka ji kamar gwangwani. Kaurin da ya kusa milimita 2 ya wadatar. Idan kana da mayen ƙarfe ka gwada, domin ba ya kama alminiyam, shi kuwa alminiyam ba shi da nauyi amma ba ya jure marmara. Kada fenti ya ruɗe ka, sau da yawa aibu ake rufewa da shi.

Na uku, wuya. Ka duba inda ƙota ta shiga. Ana son bututun ƙarfen ya yi tsawo, ya rungumi itacen sosai, a kuma ratsa shi da ƙusa ko noti. Ka riƙe baki da hannu ɗaya, ƙota da ɗaya, ka murɗa. In ka ji yana motsi tun a shago, to a daji rabuwa za ku yi. Idan waldar da ke wurin ɗige-ɗige ce kamar kashin kaza, ka ajiye.

Na huɗu, ƙota. Ta itace ta fi dacewa da mu, saboda ba ta ɗaukar zafin rana kamar ƙarfe, kuma idan ta karye kowane ƙauye akwai mai sassaƙa da zai yi maka wata. Manomanmu sun daɗe da sanin ƙwarin ƙirya da marke da aduwa wajen ƙotar kalme da gatari. Ka duba kada itacen ya kasance da ƙulli ko tsaga ko hudar gara, kuma zaren itacen ya miƙe daga sama har ƙasa. Mariƙi mai siffar harafin D a ƙarshen ƙota yana taimakawa wajen juye laka, sai dai idan na roba ne marar kauri, rana za ta gasa shi ya farfashe.

Na biyar, tsawo. Kafin ka tafi kasuwa ka auna faɗin but ɗin motar da igiya, ka tafi da igiyar. Shebur mai tsawon santimita 70 zuwa 90 yana shiga but ɗin yawancin ƙananan motoci, kuma ana iya aiki da shi ba tare da baya ya ƙage ba. Gaskiya ne mai doguwar ƙota ya fi kaiwa can ƙarƙashin mota, saboda haka mai bas ko a-kori-kura da yake da fili, gara ya ɗauki dogon. Wanda bai kai santimita 50 ba kuwa, na jakar goyo ne.

Na shida, kafaɗa. A saman bakin, inda ake ɗora ƙafa, ya kamata a lanƙwasa ƙarfen ya yi ɗan faɗi. In babu wannan, ƙarfen zai yanka maka silifa, ko ma tafin ƙafa.

Idan kuma dole sai mai naɗewa, misali kai ɗan sikawut ne mai tafiya a ƙasa, ko mai babur, to ka nemi wanda zoben ɗaurinsa na ƙarfe ne, ka buɗe ka rufe sau da yawa a gaban mai shago, ka tabbata idan an ɗaure ba ya girgiza. Yana da wata fa'ida guda: ana iya karya bakinsa ya zama kamar fartanya, a riƙa jawo yashi daga ƙarƙashin mota. Amma ka sani yashi yana shiga zaren zoben ya cije, dole a riƙa wankewa. Duk wanda ka ga an cika masa zarto da wuƙa da tocila, ka yi hattara, kowane ƙari wata gaɓa ce da za ta iya karyewa.

Akwai kuma hanyar da dattijon nan ya bi, wadda ita na bi daga baya: ka sayi shebur mai tsinin baki na gama-gari a wurin masu kayan gini, a Birnin Kebbi ko Jega ko kasuwar garinku, ka kai wa kafinta ya rage ƙotar daidai but ɗin mota, maƙeri ya wasa bakin. Farashi yana canzawa kullum, don haka ka taya a shago biyu ko uku, kuma ka tafi da wani babba da ya saba aiki da shebur. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gano ba.

Idan mota ta kafe

Shebur mai kyau a hannun wanda bai san inda zai haƙa ba, wahala ce kawai. Abu na farko, direba ya ɗage ƙafarsa daga totur da zarar ya ji taya tana juyawa a wuri ɗaya. Kowa ya sauka, a rage kaya masu nauyi. Sai a gane tayoyin da ke jan motar: a yawancin ƙananan motoci na gaba ne, a bas-bas da motocin ɗaukar kaya da yawa kuma na baya ne. Su za a fara buɗe wa hanya.

A duba ta ina tudu ya fi kusa. Sau da yawa komawa baya ta sawun da aka shigo ya fi sauƙi, domin taya ta riga ta danne wurin. A miƙe sitiyari, a haƙa wa kowace taya gangara mai tsawo, ba rami mai tsaye ba. Sannan a leƙa ƙarƙashi. In cikin motar ya zauna a kan yashi, to tayoyin ba su ɗauke da nauyinta, ba za su kama ƙasa ba sai an kwashe wannan tudun. A yi hankali da salansa, tana ƙuna.

A cusa kara ko rassa ko tabarmar ƙafa ta mota a gindin taya. A yashi, rage kamar kashi ɗaya cikin uku na iskar taya yana sa ta baje ta daina nutsewa, amma a tafi a hankali, a mayar da iska a wurin mai faci na farko, domin gudu a kwalta da saɓaɓɓiyar taya haɗari ne. Direba ya tashi sannu a hankali, masu turi kuma kada su tsaya daidai bayan taya, saboda tana iya harbo itace ko dutse. Idan an ɗaga mota da jak, a sa masa katako a ƙasa, kuma ko da wasa kada wani ya shige ƙarƙashinta.

Akwai inda shebur ba shi da magani, wato ruwa mai gudu. Mutanen Kebbi ba su manta ambaliyar 2020 ba, wadda ta cinye gonakin shinkafa ta yanke hanyoyi. Ruwa mai gudu da zurfinsa ya kai santimita 30 yana iya ɗaga ƙaramar mota, rabin haka ma yana iya kayar da babban mutum. Idan ƙorama ta kawo, a jira ta janye.

A wurin zango

Tun daga zangon farko da Baden-Powell ya yi da yara a tsibirin Brownsea na Ingila a 1907, har harkar sikawut ta iso Najeriya a 1915, abin da ake koya wa ɗan sikawut shi ne zama cikin shiri. Haka ma 'yan agajinmu. Na taɓa bin wasu abokaina zangon kwana biyu a wani fili kusa da Kalgo, da damina. Cikin dare hadari ya taso. Tantin da aka zagaye da 'yar lambatu ta sama, aka ba ruwa hanya ya gangara gefe, mutanensa sun yi barcinsu. Namu da muka yi ƙyuya, a tsaye muka kwana riƙe da tabarmi. Lambatun nan zurfinta bai wuce taƙi ɗaya ba.

Aikin shebur mafi muhimmanci a zango shi ne makewayi. Kafin a kafa tanti a haƙa rami mai tsawo a gefen da iska ba ta kaɗowa, a tara ƙasar a bakinsa, kowa ya gama ya rufe nasa. Ma'aikatan lafiya suna cewa a nisanta shi da rijiya ko gulbi da aƙalla mita 30, kuma ya kasance ta gangare, ba ta saman ruwan ba. Wannan shi ne rigakafin amai da gudawa, cutar da takan addabi garuruwanmu da damina. Addininmu ma ya hana yin bahaya a mashaya da kan hanya da inuwar da mutane ke hutawa.

Da shebur ake share wurin kwana a daidaita shi, a ture duwatsu da busassun itatuwa daga nesa, maimakon sa hannu inda kunama ko maciji ke iya fakewa. Da shi ake haƙa murhu, a share ciyawar da ke kewaye, a kuma tara yashi kusa don kashe wuta idan ta so ƙwacewa. Ranar tashi a kashe garwashi da ruwa, a rufe duk ramin da aka haƙa, kada dabbar wani ta karye a ciki.

A halin tsaron da ake ciki, babu batun yara su shirya kwanan daji su kaɗai. Zango sai da izinin iyaye da makaranta, da sanin mai gari da mai fili, kuma a wurin da hukuma ta aminta da shi. Sannan ka guji shebur mai jakar kakin soja, kada ka jawo wa kanka dogon bayani a shingen bincike. Ka bar shi a but, tare da jak da sifana da igiyar ja.

Kula da shi

Bayan aiki ka kankare laka, ka wanke, ka shanya. Ka shafa wa ƙarfen ɗan baƙin mai don tsatsa, ƙotar kuma ka goge ta idan ta fara sartse. Lokaci-lokaci a wasa bakin da magagari, ba sai ya yi kaifin wuƙa ba. Ka naɗe bakin a tsohon buhu, ka ɗaure shi ƙam a but, domin ƙarfen da ke yawo a mota yana zama makami idan aka taka burki da ƙarfi. Kuma kada a mayar da shi shebur ɗin gida, yau a ara a kwashe shara, gobe a kai gini. Ranar da za a neme shi, ranar ce ba ya nan.

Ga ɗan aikin gida. A wannan makon ka roƙi Baba ko Yaya ya buɗe maka but ɗin mota, ko ka tambayi direban motar makarantarku cikin ladabi, ka ga ko akwai shebur. In babu, ka kawo shawara tun kafin damina ta kankama, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Ƙanwata dai ta rubuta jarrabawarta lafiya. Kawu kuwa yanzu akwai gajeren shebur mai ƙotar marke a bayan motarsa, kuma sau biyu ke nan yana tsayawa a ƙoramar nan don ya fitar da wasu. Duk lokacin da muka wuce ta wurin sai mun waiga ko za mu hangi dattijon da amalankensa. Har yau ba mu sake haɗuwa ba. Allah Ya saka masa da alheri.